Gasar Harbin da Na Ci wa Taubashina

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Tasawa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai mutum guda a Maijirgi da ya mai da tuna mani sana'arsa. Zan zo kansa. Bari in fara da yadda aka yi ni, malamin gona, wanda aikinsa leƙen tsutsar gero da raba iri, na wayi gari ina ganin kaina gwanin harbi.

Bindigar dai ta iska ce, ba ta albarushi ba. Wani injiniya da muka yi aikin ajiyar iri tare ne ya bar mani ita da zai koma ƙasarsu, haɗe da gwangwanin pulom, 'yan ƙwayoyin dalmar nan masu girman ƙwayar dawa. Doguwa ce, mai jar ƙota, a samanta akwai wata 'yar ƙofa kamar kafar allura da mutum yake leƙawa ya hango abin da yake aunawa. Ranar da na kawo ta gida, Rabi matata ta dube ta, ta dube ni, ta tambaye ni wane laifi ɓerayen ɗakin iri suka yi mani haka. Na ce mata wannan ba ta ɓera ba ce, ta wasa ce irin ta manyan ƙasashe. Ta ce to, in dai wasan bai kai ga kajinta ba.

A zamanin nan da muke ciki, mai hankali ba ya rataya dogon abu a bayan babur ya hau hanya ba da sanin hukuma ba. Na kai ta birgad, ofishin jandarmomi, da kaina. Jandarman da na tarar ya jujjuya ta, ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce mani ko da yake ba ta wuta ba ce, daga nesa ba mai bambancewa. In zan fita da ita, ta kasance cikin jaka, babu pulom a cikinta, takardar izinin da ya ba ni kuma tana aljihuna, sannan kada in kuskura in harba a cikin gari. Shi ne ma ya faɗa mani akwai wata 'yar ƙungiya ta masu irin wannan sha'awa da ke haɗuwa a bayan gidan matasa, ƙarƙashin wani tsohon soja da ake kira Ajidan Salisu.

Ajidan mutum ne siriri, mai furfura, wanda ba ya ɗaga murya domin bai taɓa buƙatar ɗagawa ba. Ranar farko bai bar ni na taɓa kunamar bindigar ba. Ya tsai da ni a rana yana ta nanata mani cewa babu bindigar da ba ta da harsashi a ciki, ko da kai ka cire shi da hannunka. Bakinta kullum ya dubi bango ko ƙasa, yatsa ya zauna waje sai lokacin harbi. Ba a ɗurawa sai ya ba da umarni, in kuma ya ce a tsaya, ko kana tsakiyar jan numfashi, ka ajiye. Wani ɗan kasuwa ya taɓa juyowa da bindiga a hannu don ya amsa gaisuwa, Ajidan ya kore shi wata guda, duk da shi ne ya saya wa ƙungiyar tebura. A ƙarshe, kamar abin da ya tuna a makare, ya ce in riƙa duba lambar da ke saman takardar da zan harba kafin kowane harbi. Wannan ta ƙarshen na ji ta da kunne guda (a raina na ce ai wannan ta 'yan lakkol ce, ƙananan yaran makaranta, wa zai kasa gane takardarsa?).

Sauran dokokin kuwa na haddace su har na fi Ajidan tsanani. Ɗiyata Nana ta taɓa nuna ƙanenta da muciya, na yi mata wa'azin da har yau take ba ƙawayenta labari.

Ainihin cutar ta kama ni a gonar mahaifina ta Maijirgi, bayan an gama girbi. Akwai wani tudun rairayi a ƙarshen gonar, babu gida babu hanya a bayansa, nan nake kafa kwali in manna takardar da ke da baƙin ɗigo a tsakiya. Da la'asar nake zuwa, lokacin da rana ta yi laushi, karan gero ya yi launin zuma, gawo ya fara fitar da sabon ganye. Ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar amalanke can nesa. In na ɗora kumatuna kan ƙotar nan na leƙa ta 'yar ƙofar, sai duniya duka ta tattare ta koma ɗigo guda. Babu rahoton da ban rubuta ba, babu kuɗin esans, man babur, babu diraktan da ya kasa riƙe sunana. Ajidan ya koya mana mu lumshe ido, mu ja numfashi, mu saki rabi, mu buɗe, in jiki ya tsaya daidai bindiga da kanta za ta sami ɗigon. Ni kuwa in na lumshe idon nan sai in yi tafiya.

Na taɓa gani a tele, wato talabijin, wasu mutane maza da mata cikin riguna masu tauri, a jere cikin wani ɗaki mai haske, shiru kamar masallaci kafin a tada salla. Can nake zuwa. Ina ganin kaina a wata ƙasa mai sanyi da ban san sunanta ba, an ɗora ni kan akwatin nan na tsakiya, tutarmu tana hawa a hankali, wani dattijo mai farin gashi yana rataya mani abu a wuya. Rabi tana cikin 'yan kallo tana share hawaye da bakin mayafi. Diraktanmu ma yana nan, yana gaya wa na kusa da shi cewa tun farko ya ga alama a wurina. Sai in buɗe ido in taɓa kunama, in ji "tas" a jikin kwali. Abin mamaki kuma, ina samu. Wannan ba yabon kai ba ne, da gaske hannuna ya yi kyau, har Ajidan ya taɓa duban takardata ya ce "ba laifi," wanda a wurinsa daidai yake da kirari.

Ana nan sai aka ce za a yi gasa tsakanin maharban garuruwan yankin Tasawa da na Mayahi, wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilce mu a Maraɗi. Ni dai tun a ranar na fara tunanin jakar da zan tafi da ita. Matsala guda ce: an ce kowane gari ya kawo mutum biyu, ni kuma na ƙudura sai da sunan Maijirgi zan shiga, don a ji sunan garinmu a lasifika. Nan Iliya ya shigo.

Iliya taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ya kira na da wani suna sai "bawana." Gidansu Kirista ne tun zamanin babansa, shi ke buga ganga a 'yar majami'arsu ta Maijirgi, kuma manomin gyaɗa ne na gaske. Amma bai taɓa harbin komai ba, ko da danƙo. Da na je mashi da maganar, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ai ko jifan akuya ya yi, maƙwabciyarta yake samu. Na ce ba cin gasa nake nema daga gare shi ba, cike gurbi kawai zai yi. Ya yarda bisa sharaɗin kada abin ya faɗo ranar Lahadi. Na kai shi wurin Ajidan ya sha nasa karatun dokokin, aka ara mashi bindigar ƙungiya. A gwajin da muka yi a gona, in ya sami kwalin ma sai ya tsaya ya yi godiya ga Allah.

Ni kuwa shiri na shiga. Na kai wa tela wani yadi mai kaurin tanti, na kwatanta mashi rigar da na gani a tele. Ya ɗinka mani wani abu da in na sa ba na iya sosa hanci, aka rubuta sunan garinmu a baya da farin zare (telan ya tambaye ni ko walda na koma). Da na ji gidan rediyon garin zai watsa gasar kai tsaye, na je har Maijirgi na saya wa Inna, mahaifiyata, sabbin baturan rediyo, na nuna mata inda za ta murɗa. Na gaya wa mutanen biro, abokan aikina. Na gaya wa mai shayi. Rabi kaɗai ce ta ce in bari a harba tukuna, na ce mata ita ba ta san yadda mutum yake jin abu a jikinsa ba.

Ranar ta zo da wani irin haske mai kyau. An share filin bayan gidan matasa, an jera teburan lakkol, can gaba kamar taku goma an kafa takardun a jikin katako, bayansu buhunan yashi da katangar siminti. Kowace takarda da lambarta a sama, kusa da kusa suke, kamar yara a layin allura. An ɗaura igiya an tsai da jama'a a bayanmu. Mataimakin magajin gari ya zo, jandarmomi biyu suna gefe, 'yan Mayahi sun sauko daga wata farar mota da jakunkunansu masu kyau. Aka duba takardar kowa da bindigar kowa. Aka ba ni tebur na huɗu, Iliya na biyar, a damana. Ya sa rigar da yake zuwa sujada da ita, yana ta gaisawa da mutanen da bai sani ba kamar ya zo biki.

Ajidan ya bayyana tsarin: harbi goma kowa, a takarda guda, a tsaye. Ya ce a ɗura. Ya ce a fara.

Na gyara ƙafafuna, na ɗora kumatu, na lumshe ido. Ban san ko iskar safiyar ba ce, ko ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, amma tafiyar da na yi ta ranar ta fi ta kullum nisa. Hayaniyar mutane ta ja baya kamar an rufe mata ƙofa. Na ji sanyin ƙasar nan a fuskata, na ji taken ƙasarmu yana tasowa can ƙasa-ƙasa. Na buɗe ido cikin 'yar ƙofar, ga baƙin ɗigo zaune daidai tsakiya yana jirana, bai ko motsa ba. Na taɓa kunama. Tun kafin in ji ƙarar na san ya shiga. Na sunkuyar da kai na ɗura, ban motsa ƙafa ba ko kaɗan don kada in ɓata tsayuwar, na sake lumshewa. Haka na yi ta yi. Ban taɓa harbi mai daɗin na ranar ba, kafinta ko bayanta. Jikina ya zama kamar ba nawa ba, numfashina yana fita a hankali, kowane pulom yana tafiya kamar an ja shi da zare. A damana ina jin Iliya yana gunaguni, yana cewa "kai, wannan ma ya tahi har garin Hawandawaki," amma muryarsa kamar daga ƙasan rijiya take zuwa.

Da na gama na goma, na buɗe bindigar, na kwantar da ita bakinta na duban katanga, na ja da baya taki ɗaya kamar yadda doka ta ce. Sai a lokacin na ɗaga kai na nemi lamba huɗu. Ga ta nan. Na ƙura ido. Duk farin takardar babu huda ko guda. Ya kamata ku sani, daga wannan nisa ana ganin huda a kan fari, amma a kan baƙi ba a gani. Don haka lissafin da kaina ya yi mani mai sauƙi ne: tunda babu a fari, duka goman suna cikin baƙi. Na kalli ta Iliya, gefenta duk ya yi kamar fara ta ci. Na ji tausayinsa har na dafa kafaɗarsa.

Ajidan ya ce a tsaya, alƙalai suka je cire takardu. Nan ne wata yarinya 'yar rediyo ta ratso da wayarta a hannu, ta ce an gaya mata ni ne ake sa rai a kaina, ko zan ce wa masu saurare wani abu kafin sakamako, ana jinmu kai tsaye. Mai hankali sai ya ce a jira. Ni kuwa na gyara wuyan rigar tantina, na yi gyaran murya.

Na gai da Inna a Maijirgi da sunanta. Na gai da mutanen biro. Na ce ba na son in riga alƙalai magana, amma akwai ranar da maharbi yake sanin abin da ya yi tun kafin a ƙirga. Na jefa faransanci nan da can don abin ya yi nauyi. Ta tambaye ni sirrin wannan wasa, na ɗaga kai irin na manya, sannan na ce:

"Sirrin guda ne, ɗiyata. Mutum shi san abin da yake aunawa. Da yawa suna harbi a rayuwa, amma ba su san inda suka dosa ba."

Har wasu a bayan igiya suka gyaɗa kai. Ta tambaye ni game da abokin tafiyata, na ce Iliya yana ƙoƙari, kuma kowa da baiwar da Allah ya ba shi, tasa a gyaɗa take.

Ina cikin bayanin yadda zan shirya wa Maraɗi na ji Ajidan ya ce lamba huɗu da lamba biyar su zo. Na tafi teburin alƙalai a hankali, 'yar rediyo tana biye da ni, wayarta a miƙe. Ajidan yana riƙe da takarda guda. Ya ɗaga ta sama ya saita ta da rana, ya daɗe yana dubawa, ya juya bayanta, ya sake ɗagawa. Babu ko ɗigon haske da ya ratsa ta. Sabuwa fil, kamar yanzu aka fito da ita daga kanti, da lamba huɗu a samanta.

"Malam," in ji shi, da muryarsa ta kullum, "mun gode. Wagga takarda za mu ajiye ta, ta yi mana aiki baɗi."

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba. Na ce mashi ya duba cikin baƙin da kyau. Ya miƙo mani, na shafa da yatsa, sumul. Sai ya ɗauko ta biyun, mai lamba biyar, ya shimfiɗa a tebur. Gefenta akwai huda nan da can, wata har ta ci kusurwa. Tsakiyarta kuwa, baƙin nan ya yage ya zama rami guda da ɗan yatsa zai shiga. Na tsaya ina kallon mafi kyawun harbin da na taɓa yi a rayuwata, a kan takardar Iliya.

A gona, baƙin ɗigo guda ne a duk faɗin duniya, duk inda bindiga ta tsaya shi ne. A nan kuwa suna jere, tsayuwata ta ɗan karkata dama tun harbin farko, ni kuma da nake tsoron motsa ƙafa, na yi ta komawa wuri guda da aminci. 'Yar ƙofar ba ta nuna lamba. Sai an ɗaga kai ake ganinta, ni kuma kaina yana wata ƙasa.

Iliya ya matso. Ya sunkuya ya dubi ramin, ya ɗago ya dube ni, idonsa ya cika da hawayen dariyar da yake dannewa, ya ce, dab da wayar 'yar rediyo:

"Allah shi yi maka albarka, bawana. Haka ake son bawa, shi yi aiki a gonar ubangidansa."

Filin ya ɗauka. 'Yan Mayahi suna dukan tebur, mataimakin magajin gari ya rufe fuska da hula, har jandarman da ya rubuta mani takarda ya juya baya kafaɗunsa na rawa. 'Yar rediyo, Allah ya saka mata, ta yi ƙoƙarin riƙe kanta, amma sai da ta maimaita wa masu saurare abin da ya faru dalla-dalla, wai don waɗanda suka kama tashar a makare. Ni kuwa ina tsaye cikin rigar da ba ta barin mutum ya sunkuyar da kai yadda ya kamata. Na tuna Inna da sabbin baturanta.

Iliya, don a faɗi gaskiya, ya ce a ba ni makin, kowa ya san ba shi ya yi ba. Ajidan ya girgiza kai. Ya ce pulom ba ya ɗauke da sunan mai shi, kuma doka a fili take: wanda ya harbi takardar wani ba shi da komai, wanda aka harbi tasa kuma, in ba a iya rabe hudar da hujja ba, ana ba shi mafi kyawu daga ciki. Ya ce shi ba ya hukunci da abin da kowa ya sani, da abin da ke kan takarda yake yi. Wani ɗan Mayahi da ya zo na biyu ya so ya yi gardama, amma dariya ta hana shi kai ƙarshen maganarsa. Aka kira sunan Maijirgi a lasifika, kamar yadda na yi ta mafarki, sai dai Iliya ne ya fita, yana ɗaga wa jama'a hannu biyu. Ni aka rubuta mani sifili, ni ne na ƙarshe, a bayan wani dattijo da ya manta gilashinsa a gida.

A hanyar komawa Maijirgi na goya Iliya a babur, kofin da ya ci yana cinyarsa yana bugun bayana a kowane rami. Da muka wuce rabin hanya sai ya tambaye ni a hankali ko zan iya sake faɗa mashi sirrin nan, bai ji da kyau ba.

Inna tana zaune a tsakar gida da maƙwabta mata da ta tara don su ji ɗanta. Rediyon yana kashe. Ta amsa gaisuwata, ta sa aka kawo mani fura, ta ce ita dai ba ta fahimci wasan ba, amma ta ji an ce ɗan ƙanenta ya ci, kuma da hannun ɗanta, to ita ba ta ga abin da ya fita daga gida ba. Da na dawo Tasawa kuwa, Rabi ta tare ni. Ta karɓi rigar ta rataye, ta zuba mani tuwo, sai da na kai loma baki ta matso da kwanon gabana sosai ta ce wannan ne nawa, na gefe na Nana ne.

Iliya ya je Maraɗi, ni na raka shi a matsayin mai horarwa, ni na riƙe jaka. Ya roƙi alƙalan can su bar ni in tsaya a teburin da ke kusa da nasa, ba su gane wasan ba. Ya zo na ƙarshe cikin farin ciki, ya ci nama a tasha, ya saya wa matarsa zane, ya ce bai taɓa yin tafiya mai daɗin wannan ba.

Da aka zo sujadar godiyar kaka a majami'arsu, ya aiko a kira ni, ya ce zai yi shaida kuma dole in kasance a wurin. Ban iya ƙi ba, gidan kawuna ne. Na zauna a bencin baya, kusa da buhunan gero da gyaɗar da aka kawo na godiya. Ya tashi ya ce wa 'yan'uwa shi shaida ne cewa Ubangiji yana iya aiko da albarka ta hannun wanda bai ma yi niyya ba. Kowa ya juyo ya dube ni da fara'a, aka ce amin. Bayan an tashi, wata tsohuwa mai sanda ta tare ni a bakin ƙofa, ta kama hannuna da nata biyu. Babu alamar wasa a fuskarta. Ta ce ta ji ni malamin gona ne, ita kuma gwauruwa ce, ƙarfinta ya ƙare.

"Ɗana," ta ce, "in damina ta zo za ka yi shuka, don Allah ka zo ka tsaya kusa da gonata."

Na ce mata in Allah ya kai mu. Kuma da ruwa ya sauka na je, na kai mata iri, muka shuka da ni da Iliya, wannan karon da sanina.

Har yanzu ina harbi, har yanzu ina lumshe ido, ƙasar nan mai sanyi ma ban daina zuwa ba, sai dai yanzu nakan dawo da wuri. Abin da na koya shi ne iyawa daban, sanin wa kake yi wa aikin daban. Sannan in aka miƙo maka wayar rediyo kafin a ƙirga, ka gai da mahaifiyarka kawai ka yi shiru.